Karyar Gida Ta Haihu: Nawa Za Ki Sa Wa 'Yan Kwikwiyon, Kuma Wa Za Ki Sayar Wa?

Uwargida, idan akwai karya a gidanki, ko ta gadi ce da maigida ya kawo bayan ɓarayi sun haura katanga, ko ta yaron nan naki ce da ya dame ku har aka bar masa, to ki sa a ranki wata rana za a wayi gari da kukan 'yan kwikwiyo a bayan ɗakin girki. Kimanin kwana 63 ne tsakanin barbara da haihuwa, kuma karya kan nemi namiji kusan duk bayan wata shida. Sau da yawa ba a ankara ta ɗauki ciki sai ya fito fili. Ga su nan biyar, ko bakwai, ko tara. Ba ke kika kawo uwarsu ba, amma ke za a bar wa hidimar: ke za ki san abin da za su ci, ke za ki hana ƙananan yara kai hannu wurin uwar da ke jego tana gurnani, kuma ke maƙwabta za su aiko wa da ƙorafi.

Daga nan sai maganar kuɗi ta taso. Yara sun ga wani a Facebook ya sa wa ɗan kwikwiyo kuɗin ragon layya, har sun fara lissafin sabuwar waya. Kafin ki biye musu, akwai abubuwan da ya kamata ki zauna ki auna.

Na farko ya shafi 'yan'uwa Musulmi. Akwai hadisi ingantacce da ya hana cin kuɗin kare, kuma malamai sun saɓa wajen fahimtarsa. Shafi'awa da Hambalawa sun hana cinikin gaba ɗaya, Hanafawa sun halatta. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarinmu ke bi, mashhurin zance shi ne hani, amma wasu manyan malamanta, irin su Sahnun, sun yarda a sayar da karen da shari'a ta ba da izinin ajiyewa, kamar na farauta ko na gadin dabbobi. Ki kai maganar gaban malamin da kika amince da shi. Wasu gidajen kyauta suke bayarwa, sai dai mai karɓa ya mayar da abin da aka kashe na allura da magani. Ko sayarwa za ki yi ko kyauta, kusan duk abin da ke tafe ya shafe ki.

Me kike da shi a hannu?

Nan ne akasarin rigima ke farawa. A kasuwar karnuka ta garuruwa irin su Jos, Kaduna da Abuja, suna ake saya. Jaman Shefad, wanda mutane suka fi sani da karen 'yan sanda, Kokeshiyan, mai tulin gashi ɗan tsaunukan Kokasus, Burbul na Afirka ta Kudu, Rotwaila, sai ƙananan nan masu gashi kamar auduga da ake ce wa Lasa. Wanda uwarsa da ubansa duk iri ɗaya ne, kuma akwai shaida, shi ne mai tsada. Naki kuwa, idan uwar Jaman Shefad ce, uban kuma wani baƙin kare ne da ya kutso ta ƙarƙashin ƙyaure da daddare, ruwa biyu ne, abin da Bahaushe ke kira barbarar yanyawa. Ba abin kunya ba ne, amma kuɗinsa daban.

Ga wani abin da mutane da yawa ba su sani ba: ciki ɗaya na iya zama na uba fiye da ɗaya. Karya na sakin ƙwayaye da dama a lokacin da take neman namiji, kuma tana yin kwanaki a wannan hali. Idan karnuka biyu sun same ta, za ki iya ganin uku masu kama da wannan, biyu masu kama da wancan. Saboda haka ko da kun kai ta wurin wani Kokeshiyan kun biya kuɗin barbara, matuƙar ba a tsare ta ba a kwanakin, ba ki da tabbacin cewa duka nasa ne.

Jarabawar ita ce, ɗan kwikwiyo mai sati shida ba ya nuna asalinsa. Kusan duka dunƙulallu ne, masu laushin gashi, kunnuwa a kwance. Kunnen Jaman Shefad ma ba ya miƙewa sai ya yi 'yan watanni. Don haka yana da sauƙi a ɗauki hoto a rubuta "tsantsa" a ƙasa, kuma dillalai za su ba ki wannan shawarar, su ce kowa haka yake yi. Ni dai shawarata, kada ki yarda. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, kuma a wannan sana'ar furen ba ya wuce wata biyar. Kare zai girma, baki ya tsuke, wutsiya ta nannaɗe, mai saye ya gane an cuce shi. Dillali ya canza layin waya ya ɓace, ke kuwa an san ƙofar gidanki, an san mijinki, an san makarantar yaranki. Ki faɗi abin da kika sani kawai: uwar ga ta, iri kaza ce, uban mun gan shi, ko ba mu gan shi ba. Ki bar mai saye ya ga uwar da idonsa. Girmanta da halinta sun fi kowane suna gaya masa abin da zai samu.

Kuma kada ki raina jinin karen gida da ke jikinsu. Yana jure zafi, yana jure ƙarancin abinci, ba ya yawan kai mai shi asibiti kamar wasu 'yan ƙetare. Kokeshiyan da ke walawa a sanyin Jos wahala yake sha a Sakkwato cikin watan Afrilu. Siririn karen nan na Buzaye, ɗan yankin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali, wanda makiyaya ke yawo da shi a bayan raƙuma, a shekarar 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta sa shi cikin jerin irin da take yi wa rajista, kuma can da kuɗi mai kauri ake sayensa. Ga mai neman karen da zai yi haushi idan an taɓa ƙofa, ruwa biyu mai lafiya ya wadatar, kuma wannan ne abin da za ki tallata.

Lissafin uwar kuɗi

Ki samu littafi tun ranar haihuwa, irin wanda kike rubuta adashi. Mafi yawan masu sayar da haihuwar gida ba su san nawa suka kashe ba, shi ya sa suke ganin sun ci riba alhali kuɗin cefane suka ƙona.

Abinci ne kan gaba. Karya mai shayarwa, a sati na uku zuwa na huɗu, tana iya cin ninki biyu ko uku na abin da ta saba. Daga sati uku zuwa huɗu su ma 'ya'yan za su fara lasar abinci mai ruwa-ruwa, kuma kullum cikinsu ƙaruwa yake. Ragowar tuwo kaɗai ba za ta riƙe su ba, suna buƙatar kifi, ƙwai, nama ko abincin kwikwiyo na buhu. (A kula da ragowar miya: albasa mai yawa tana lalata jinin kare, dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soke hanji, madarar shanu kuma takan sa su zawo.) Sai maganin tsutsar ciki, wanda ake fara ba su tun suna sati biyu, a maimaita duk bayan sati biyu har su kai takwas, a haɗa da uwar. Wannan kam ko don yaranki ki yi shi, domin ƙwan tsutsar da ke fita a kashin kwikwiyo yana zama a ƙasar tsakar gida, inda mai rarrafe ke wasa yana kai hannu baki. Sai maganin kaska da ƙuma, sai allurar rigakafi, sai kuɗin mota zuwa wurin likitan dabbobi.

Bari mu yi misali, ke kuma ki cire waɗannan alƙaluman ki sa naki. A ce 'yan kwikwiyo shida ne. Abincin uwa da 'ya'ya na wata biyu ya ci naira 60,000, magungunan tsutsa da kaska 10,000, allurar farko 8,000 kowanne, wato 48,000, zirga-zirga da kayan wanke wuri 14,000. Jimla 132,000. Idan kika raba shida, kowane ɗaya ya tsaya miki a 22,000. Amma a ce ɗaya ya mutu, abin da ke faruwa ko an kula, yara kuma suka kafe sai an bar musu ɗaya. Saura huɗu, kowanne ya koma 33,000. Duk wanda kika sallama ƙasa da haka, daga aljihunki kika cika. Ba mu ma sa wahalarki ba, da kwashe kashi safe da yamma.

Wannan adadin shi ne ƙasan farashinki. Samansa kuwa kasuwa ce ke yankewa. Ki sa yaro ya duba miki tallace-tallacen garinku a Jiji da zaurukan Facebook da WhatsApp, na ruwa biyu kawai, masu shekarun naki. Ki tuna abin da aka rubuta a talla kuɗin buɗe baki ne, ba a nan ake sallamawa ba. Wanda ya fi kowa sanin ainihin yadda ake sayarwa shi ne likitan dabbobi ko mai shagon abincin karnuka na unguwa, domin su masu saye ke kai wa sabon kwikwiyo, suna kuma faɗin nawa suka biya. Tambaya ɗaya a wurinsu ta fi yinin duba waya.

Idan ya zamana kasuwar garinku ba ta kai abin da kika kashe ba, to kin samu amsa: wannan haihuwar ba ta riba ba ce, ki nemi rage asara, kuma ki yi tunani kafin a sake wata.

Ba dole duka su zama kuɗi ɗaya ba. Wanda ya fi girma da kama da uwar Baturiya shi za a fara nunawa, ki ɗora masa. Masu neman gadi sukan fi son namiji don gudun hidimar haihuwa, masu son su fara kiwo kuma mace suke nema. Ki bar gurbin tayi, domin babu mai sayen abu a ƙasar nan bai ce a rage ba, amma ki riƙe adadin da ba za ki sauka ƙasa da shi ba, kuma ki gaya wa maigida da yara wannan adadin. In ba haka ba za ki dawo daga unguwa ki tarar an sallama mafi kyawun a rabin kuɗi don abokin Baba ne ya zo.

Abu ɗaya da ya bambanta kwikwiyo da buhun masara shi ne, ba a ajiye shi a jira tsada. Kasuwarsa tana tsakanin sati takwas da sha biyu. Bayan nan kyan yarinta ya fara gushewa, cin abinci ya ninka, allura ta biyu da ta uku sun hau kanki. Wadda ta ƙi tayin 30,000 a sati na tara tana jiran 40,000, tana iya kashe fiye da bambancin kafin mai 40,000 ɗin ya zo, idan ma ya zo.

Kada gaggawa ta sa ki raba su da uwar da wuri

Za ki samu masu cewa a ba su tun yana sati huɗu, wai don ya saba da su. Ki ce a'a. Sati takwas shi ne mafi ƙarancin lokacin da likitocin dabbobi suka yarda da shi, a Ingila ma doka ta hana mai kiwo sayar da wanda bai kai haka ba. A waɗannan makonnin ne kwikwiyo ke koyon iya cizo: ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi, wancan ya yi ƙara ya daina wasa da shi, uwar ta tsawata masa. Wanda aka cire da wuri yakan tashi da tsoro da saurin kai baki, kuma gidan da za a kai shi akwai yara kamar naki. Mai so da gaske ya ba da kafin alƙalami, ki ɗaura wa nasa zare a wuya, ya dawo ranar da aka sa.

Allura, da rigimar da ke biyo bayan ciniki

Cutar da ta fi kashe 'yan kwikwiyo ita ce fabo: amai, zawo mai jini da wari, kwana biyu ko uku sai mutuwa idan ba a kai asibiti ba. Ƙwayar cutar tana yin watanni a cikin ƙasa, tana bin takalmi da hannu. Mai saye da ya zagaya gida uku yana duba karnuka kafin ya zo naki zai iya kawo miki ita ya kashe miki duka. Ki ajiye ruwa mai Hypo ko Jik a bakin ƙofa a taka, a wanke hannu, kuma ba kowa ne zai ɗauka ya rungume ba.

Ana yin allurar farko a sati shida zuwa takwas, wadda ta haɗa fabo da distamfa da wasu cututtukan, a maimaita duk bayan sati uku ko huɗu har kwikwiyo ya kai wajen sati 16. Ki je wurin likita na gaske, asibitin dabbobi na gwamnatin jiha, ko na koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri, ko asibiti mai zaman kansa da aka sani. Ruwan allurar sanyi yake so, wanda ya kwana a jakar mai yawo a babur cikin rana ruwa ne kawai. Ki karɓi kati ga kowane ɗaya, da kwanan wata da sa hannu. Katin nan shi ne hujjarki ta ɗora kuɗi sama da na maƙwabciyar da ba ta yi komai ba, kuma shi ne garkuwarki.

Na ce garkuwa ne domin fabo takan yi kwanaki a jiki kafin ta bayyana. Kin sayar da lafiyayye ranar Asabar, ranar Laraba an bugo waya yana amai, a dawo da kuɗi. A gidanki ya ɗauka ko a can? Ba mai iya rantsewa. Maganin wannan shi ne a yi magana kafin kuɗi ya shiga hannu, a rubuta ko da a saƙon WhatsApp ne: mai saye zai kai shi wurin likita cikin kwana biyu ko uku, idan an sami ciwo a wannan lokacin ki karɓa ki mayar da kuɗi, bayan nan kuma ya zama nasa. Ki gaya masa kada ya sake shi waje ko cikin wasu karnuka sai allurai sun cika.

Sai babbar, ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira. Ana yi wa kwikwiyo wannan allurar ne yana wata uku, wato bayan ya bar hannunki, don haka ki rubuta ranar a katin, ki kuma bugo wa mai saye ki tuna masa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu sarrafa wannan rigakafin, kuma a kusa da ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, akan yi gangamin allura a wurare da dama. Uwar ma a tabbata tata ba ta wuce lokaci ba. Idan kuwa kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, ko da ɗan kwikwiyo ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar.

Wa za ki buɗe wa ƙofa?

Ki fara da na kusa: abokan aikin maigida, 'yan'uwa masu gona ko gidan kaji, masu sabon gini a bayan gari, mafarauta idan irin nasu ne. Hoto a status ɗinki da sanarwa a wurin likitan dabbobi sukan isa. Idan kin sa talla ga duniya, kada ki rubuta adireshi, kada hoton ya nuna fasalin gidan, kuma kada baƙo ya shigo sai akwai namiji babba. Mai niyyar sata ba shi da hanyar leƙen gida da ta fi zuwa duba kare, ga shi zai ga mai gadin da idonsa. A fito da su zaure ko ƙofar gida tare da uwar a ɗaure.

Wajen biya, kada ki yarda da hoton rasit ko saƙon alat. Ki buɗe manhajar bankinki ki ga kuɗin sun zauna kafin kwikwiyo ya fita. Wanda ya ce yana wani gari, zai turo direba, har ya yi kuskuren turo fiye da kuɗin ki mayar masa da ragowar, ki rufe wayarki kawai.

Ki yi wa mai saye tambayoyi, ba rashin kunya ba ne. Gidan da katanga? Wa zai riƙa ba shi abinci? Matar gidan ta sani? Wannan ta ƙarshen ta fi sauran muhimmanci, ke ma shaida ce. Yaro ɗan sakandare da ya zo da kuɗin tara-tara ba tare da babba ba, ki ce ya zo da mahaifinsa, in ba haka ba gobe za a dawo miki da kwikwiyon, ko a jefar da shi a bola.

Akwai kuma mai zuwa ya ce a haɗa masa duk ragowar a kuɗi ɗaya, ba ya tambayar kati, ba ya tambayar hali, nauyi kawai yake dubawa. Mai yiwuwa fatake yake tara wa. Kasuwar Dawaki da ke ƙaramar hukumar Kanke a jihar Filato ta shahara da cinikin karnuka, ana kawo su daga sassan Arewa ana lodi zuwa Kudu don nama. Sana'ar wasu ce, amma gara ki san inda abin zai ƙare kafin ki amsa, musamman idan yaranki sun riga sun raɗa musu suna.

Waɗanda suka kai wata uku ba a saya ba, ki sauke kuɗin zuwa na allura kawai, ko ki bayar ga wanda kika yarda da riƙonsa. Kada a kai su bayan gari a zubar, su ne ke zama karnukan bola marasa rigakafi da ke bin yara a hanyar makaranta. Ita kuma uwar, wata huɗu ko biyar bayan haihuwa za ta iya sake neman namiji. Idan littafinki ya nuna ba a ci riba ba, ki tambayi likita nawa ne aikin cire mata mahaifa, wanda akan yi bayan an yaye 'ya'yan nono ya ƙafe, ki kwatanta da jimlar da ke shafin ƙarshe na littafin. Idan kuma kuna son ta ci gaba da haihuwa, to a wannan karon ku zaɓa mata namijin da kanku, ku tsare ta sati uku cur a wurin da ba a haurawa, ku ɗauki hoton uban ku ajiye don masu saye.

Wadda ta sayar a 'yan watannin nan, ta faɗa mana garinta da irin karen da yadda ta sallama, domin 'yar'uwar da tata karyar ke da tsohon ciki ta san inda za ta buɗe baki.